Ciwon da Hoto Ba Ya Nunawa: Iyakar Abin da Tausa da Gyaran Ƙashi Za Su Iya

Daga Ƙofar Kware zuwa Ƙofar Rini, cikin tsofaffin unguwannin Sakkwato, akwai wani kuka da ba ya rasa mai yin sa, galibi a bakin mata: jiki duk ciwo, kamar an kwana ana dukan mutum. Ba gwiwa ɗaya ba ce, ba baya ne kaɗai ba. Yau wuya da kafaɗu, gobe kwankwaso da cinyoyi, ga gajiyar da barci ba ya kawar da ita, ga mantuwa. An je asibiti, an ɗebi jini, an yi hoto, an ce komai lafiya lau. An sha maganin maleriya da na taifot har an gaji da ƙirga. Idan ciwon ya ƙi tafiya sai 'yan gida su rabu: wasu su ce sanyi ne, wasu su ce jifa ne, wasu kuma, abin takaici, su ce raki ne da son jiki. Daga nan sai a koma ga masu aikin hannu, wato mai tausa, wanzami da ƙahonsa, da mai ɗori. Yanzu kuma wayar hannu ta ƙaro wasu, waɗanda ake gani a TikTok suna murɗe wuyan mutum har ya yi ƙas, suna cewa sun mayar da ƙashi mazauninsa. Ra'ayina a kan wannan a fili yake: tausa mai laushi tana da gurbi a jinyar irin wannan ciwo, amma gurbin mataimakiya ne; murɗar ƙashi kuwa ba ta da gurbi ko kaɗan, domin ba ƙashin ne ya goce ba.

Ba kowane ciwon jiki ba ne abin da nake magana a kai. Sikila, ƙarancin jini, cutar maƙoƙo da sauran larurorin ƙwayar wuya, amosanin gaɓɓai mai kumburi, ƙarancin bitamin D, duk suna iya sa jiki ya ɗauki ciwo, kuma dole likita ya fara neman su. Idan an bincika ba a same su ba, ciwon kuma ya bazu sama da ƙasa, dama da hagu, ya wuce wata uku, tare da gajiya da rashin barci mai daɗi, to likitoci na kiran wannan fibromayaljiya. Sunan ya fara yaɗuwa a 1976, a 1990 kuma ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka ta tsara yadda za a gane ta: a danna wurare 18 a jiki, idan 11 sun yi zafi an kama hanya. A 2010 suka sauya tsarin, suka daina dogara da dannawar, suka koma duba yawan sassan da ke ciwo da nauyin gajiya da matsalar barci. A ƙasashen da aka ƙidaya, tana kama kusan mutum 2 zuwa 4 cikin 100, kuma an fi samun ta a mata.

Abin da ya fi muhimmanci a fahimta shi ne inda ciwon yake zaune. Duk zafin da mutum ke ji, jijiyoyi ne ke ɗaukar saƙonsa zuwa laka, laka ta miƙa wa ƙwaƙwalwa. A jikin mai fibromayaljiya wannan hanya ce ta ƙara kaifi fiye da kima, kamar lasifikar masallaci da aka murɗe har ƙarshe: liman ya yi gyaran murya kaɗan, unguwa duka ta ji. Ba zato ba ne. A 1994 an auna ruwan laka na masu ciwon aka tarar da wani sinadarin isar da saƙon zafi ya ninka na masu lafiya kusan sau uku. A 2002 kuma masu bincike a Amurka suka riƙa matsa farcen babban yatsan mutane suna ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu, suka ga kusan rabin matsin da ke sa mai lafiya jin zafi ya isa ya kunna wuraren zafi a ƙwaƙwalwar mai wannan larura. Ke nan ciwon gaskiya ne, ba raki ba. Ke nan kuma hoton ƙashi ba zai taɓa nuna shi ba, tunda ba a ƙashin yake ba.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna sana'o'i biyu na gyaran ƙashi da suka zo daga Amurka, wato ostiyofati da kairofraktik. Ostiyofati Andrew Taylor Still ne ya assasa ta a 1874, ya buɗe makarantarta ta farko a garin Kirksville a 1892. Kairofraktik kuwa Daniel David Palmer ne ya fara ta a garin Davenport a 1895, bayan ya yi iƙirarin dawo wa wani mutum da jinsa ta hanyar danna masa ƙashin baya. Dukansu sun ginu a kan tunanin cewa gocewar ƙashi, musamman na gadon baya, ita ce tushen cututtuka da yawa. Adalci ya sa a faɗi cewa likitocin ostiyofati na Amurka a yau cikakkun likitoci ne masu karatun asibiti, kuma ga ciwon ƙugu na yau da kullum aikin hannu irin wannan yakan ɗan taimaka. Amma da aka gwada shi a kan fibromayaljiya bai yi abin a zo a gani ba. A 2009 Farfesa Edzard Ernst ya tattara gwaje-gwajen kairofraktik a kan wannan ciwo, ya sami uku kacal, dukansu masu rauni, babu wanda ya tabbatar da amfani. A 2021 likitoci a Faransa suka raba marasa lafiya 101 gida biyu, aka yi wa rabi ostiyofati na gaske, rabi kuma aka riƙa taɓa su kawai ba tare da sun san bambancin ba. Bayan mako shida sakamakon ɓangarorin biyu bai bambanta ba. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Turai, EULAR, a shawarwarin da ta fitar a 2017, ta yi hani mai ƙarfi ga amfani da kairofraktik ga masu wannan ciwo, saboda rashin hujja da kuma tsoron illa.

Wannan hani ya fi shafar mu fiye da Turawan da suka rubuta shi. A ƙasar Hausa wanda ya fi kusa da wannan aiki shi ne mai ɗori, kuma sana'arsa ta gado ce da ta san karaya, targaɗe da gocewar gaɓa. To a nan babu abin da ya karye, babu abin da ya goce, me za a ɗora? Ja da murɗa ba za su rage ƙarar lasifikar nan ba, sai dai su ƙara mata. Ga kuma haɗarin da ba a gani da ido. Tarin fuka yakan shiga ƙashin baya ya cinye shi a ɓoye, kuma har yau cuta ce da ake fama da ita a Najeriya. Tsofaffin mata da yawa ƙashinsu ya yi rauni ba su sani ba. Mai sikila ma ƙashinsa ba kamar na kowa ba ne. Wanda ya hau irin wannan baya da ƙarfi ba tare da an bincika ba yana iya jawo shanyewar ƙafafu. Murɗar wuya kuwa an danganta ta da yagewar jijiyar jinin da ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma idan ya faru shanyewar ɓarin jiki ce. Ƙarar ƙas ɗin nan da ke burge masu kallo iska ce kawai a cikin ruwan gaɓa, irin wadda ake ji idan an ja yatsa.

Tausa dabam take, kuma ba baƙuwarmu ba ce. Ungozoma na yi wa maijego, jika na yi wa kaka, da man kaɗe ko man shanu ko man zafi. A 2014 masu bincike a ƙasar Sin suka haɗa gwaje-gwaje 9 da suka ƙunshi marasa lafiya 404, suka ga tausar da aka ɗauki aƙalla mako biyar ana yi tana rage ciwo da damuwa da ƙuncin rai a lokacin da ake yin ta. Abin da ba su samu ba shi ne shaidar cewa sauƙin yana ɗorewa bayan an daina. EULAR ma ba ta sa tausa cikin abubuwan da take ba da shawarar a dogara da su ba, duk da cewa ba ta yi mata hani mai tsanani irin na kairofraktik ba. A ganina wannan ba dalilin zubar da ita ba ne, dalilin sanin iyakarta ne. Hannu mai ɗumi yana kwantar da jijiyoyin da suka tsorata, yana sa barci ya zo. Sai dai akwai kuskuren da ya zama ruwan dare, wato ɗaukar cewa tausa ba ta shiga jiki sai an ji zafi, har a sa yaro ya taka bayan mutum da ƙafa. Ga mai fibromayaljiya wannan kan jawo kwana biyu ko uku a kwance. Idan ta ce da zafi, to ya yi yawa, a sassauta.

Wani zai ce: ai ni an murɗe ni na ji sauƙi, wa zai gaya mini abin da jikina ya ji? Ban ƙaryata shi ba. Amma wannan ciwo mai hawa da sauka ne, kuma mutum ba ya neman mai magani sai ranar da abin ya yi tsanani, ranar da daga ita sai sauƙi ko an yi magani ko ba a yi ba. Sannan akwai abin da mai aikin hannu ke bayarwa wanda layin asibiti ba ya bayarwa: ya zauna da kai rabin sa'a, ya saurare ka, ya taɓa inda ke ciwo, ya yarda cewa da gaske kake. Gwajin Faransa ma ya nuna cewa murɗar ba ta ƙara komai a kan taɓawa da kulawa ba. Idan haka ne, me zai sa a sayi kulawar tare da haɗari, alhali ana iya samun ta a tausa mai laushi? Haka nake kallon ƙaho ma: mutane da yawa na yin sa don bin sunna kuma suna samun natsuwa, amma kada a ɗora masa nauyin warkar da wannan ciwo, kuma a tabbata askar sabuwa ce.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi: to shi likitan me ya ba mu? Gaskiya ne har yau babu maganin da ke tumɓuke fibromayaljiya. Magungunan da aka fi saye a kemis, irin su diklofenak da ibufrofen, an yi su ne don kumburi, nan kuwa babu kumburi. Shan su wata da watanni yana ci wa mutum ciki da ƙoda. Haɗin da ake cusa deksametason a ciki ya fi muni. Tramadol kuwa kowa a Arewa ya ga abin da ya yi wa matasa. Waɗanda ke ɗan taimakawa su ne masu rage kaifin jijiyoyi, kamar amitriftilin kaɗan da dare, ko duloksetin, ko fregabalin, bisa umarnin likita. A nan ne ake samun cikas a Sakkwato. Ƙofar Kware sunan garin Kware ta ɗauka, inda asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yake, kuma a bakin mutane da yawa a ce an kai wane Kware magana ce mai nauyi. Da zarar mara lafiya ta ji cewa maganin da aka rubuta mata ana ba masu ciwon damuwa, ko an ce ta ga likitan halayyar ɗan Adam, sai ta ɗauka an ce ta taɓu, ta jefar da katin. Ba haka ba ne. Jijiyoyin da ke sarrafa barci da yanayin zuciya su ne ke sarrafa ƙarfin zafi, shi ya sa magani ɗaya ke aiki a wurare biyu.

Abu ɗaya tak EULAR ta ba shawara mai ƙarfi a kansa, shi ne motsa jiki. Bitar da ƙungiyar masu bincike ta Cochrane ta fitar a 2017, mai gwaje-gwaje 13 da mutum 839, ta nuna motsa jiki irin su tafiya a ƙasa yana inganta rayuwar masu ciwon, yana kuma iya ɗan rage zafi. Na san amsar da uwargida za ta bayar: ni da nake wuni ina shara da wanki da girki, wane motsa jiki ya rage? Bambancin yana ga tsari. Aikin gida yakan zo a tare: ranar da aka ji dama a yi na kwana uku, sannan a kwanta kwana uku. Abin da jijiyoyi ke bukata shi ne kaɗan kullum, wanda bai kai ga tayar da ciwon ba. A fara da minti biyar ana zagaya tsakar gida bayan sallar asuba, kafin ranar Sakkwato ta buɗe, tunda a watannin Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40. A ƙara minti ɗaya ko biyu duk mako. Da hunturu a ɗumama jiki da ruwan zafi kafin a fara. A rage shayi da goro da yamma, a tsayar da lokacin kwanciya. A nan ne tausa ke da amfaninta na gaske: a yi ta da dare don barci ya samu, gobe a iya tashi a yi tafiyar. Masu gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun karanci yadda ake tsara wa mutum irin wannan motsa jiki daidai ƙarfinsa, kuma mara lafiya na da damar roƙon likita ya tura ta wurinsu.

Kirana ga maigida da surukai da 'ya'ya shi ne, idan mace ta yi wata uku tana kukan ciwon jiki gaba ɗaya, a kai ta asibiti a bincika sosai, kuma ko gwaji ya fito lafiya a yarda da maganarta. A yi mata tausa a hankali, a raka ta tafiyar safe, a rage mata aiki ranar da ciwon ya motsa. Wuyanta da gadon bayanta kuwa kada a bari kowa ya murɗa.