Maganar Muhalli a Ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan

 Ya ku malamai da attajirai, ina nufin in jawo hankalinku ga wata larura wadda ta game garuruwanmu, tun daga Malikanci da Paki har Hunkuyi, watau ƙarancin wurin zama.

Ƙidayar 1963 ta wuce da mutanenta. Ta shekarar 2006 ta sami Ikara da Maƙarfi da Kudan, idan an gama su, da mutum fiye da dubu 470, kuma yaran da aka haifa a shekarar nan yau su ne masu neman aure. Ga baƙi kuma, domin rake da mazarƙwailar Maƙarfi, da tumatir da masarar Ikara, suna jawo fatake da 'yan ƙodago, hanyar Zariya zuwa Kano kuwa ta ratsa Tashar Yari ba dare ba rana. Mutane sun yawaita, ɗakuna ba su bi su ba.

Ku duba abin da ke samun gidan gado. Mutum ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyu da gida ɗaya, a raba bisa shari'a, kowa ya ja katanga a kan rabonsa, har tsakar gida ta koma lungu, rijiya ta matso kusa da salga. Rabon daidai ne, ƙuncin ne abin kuka. Kun fi ni sanin cewa a mazhabar Maliku mazauni yana cikin haƙƙin mace a kan mijinta tare da ci da tufafi, kuma an umurce mu da raba wa yara makwanci idan sun kai shekara goma. To, yaya mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya bakwai zai cika wannan? Saurayi nawa ne ya tara sadaki, aka ba shi mata, maganar ta tsaya a kan ɗaki? Saboda haka na ce wannan mas'ala ta malamai ce kafin ta zama ta magina.

Amma fa yawa kaɗai ba zai wadatar ba, sai da iri-iri. Yau duk mai hali abu guda yake yi: ya sayi fuloti, ya kewaye da bulo, ya sa ƙyauren ƙarfe, wani lokaci ma ya bar shi kango shekara goma yana jiran tsada. Alhali ango ciki da falo yake bukata, bazawara mai marayu tana son ɗaki biyu kusa da danginta, ɗalibi da ma'aikacin asibiti da aka turo suna son haya mai sauƙi, falke kuwa masaukin kwana uku da wurin ajiye kaya. Iyayenmu sun san haka. A gida ɗaya akwai zaure, da shagon samari, da turaka, da sassan ƙanne, fatoma kuma yana saukar da baƙon kasuwa ya tsaya masa a ciniki. Zariya kanta ba ta ɗauki baƙin da jirgin ƙasa ya kawo ba sai da aka buɗe Sabon Gari da Tudun Wada a bayan ganuwa. Tun kafin wannan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗai irin su Wurno ya zaunar da jama'a, Malam Abdullahi na Gwandu kuma ya wallafa Ta'alimur Radi a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa. Tsara mazauni aikin shugabanni ne tun asali.

Wani zai ce, ai in gari ya faɗaɗa gonaki za su tafi. Gaskiya ne, kuma muna gani dillalai suna yanka gonakin bakin gari ba hanya ba magudanar ruwa. Wanda ya sayar da fadamar rake ya ci kuɗin, baɗi me zai ci? Maganin shi ne a yi gini a tattare, a hau sama inda ƙasa ta yi tsada, a cike kangaye na cikin gari tukuna. Bene ba baƙo ba ne a ƙasar Zazzau. Haka ginin ƙasa: a shekarar 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, jar ƙasa kuwa tana nan a bayan gari. Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da tubali da azara a zamanin Sarki Abdulkarimu, shaida ne cewa laifin ba na ƙasa ba ne, na sakaci da yaɓe ne. A kafa harsashi da dutse, a rufa da kwano, ɗakin ya fi na bulo sanyi da bazara.

Saura kuɗi. Gwamnatin tarayya ta kafa asusun gidaje a 1992, amma masu albashi ya fi amfana, kuma ruwan da ke kan bashin ya sa da yawa cikinmu sun ƙaurace masa. Shari'a ba ta bar mu ba mafita. Akwai murabaha, akwai ijara, akwai tarayya wadda mai haya yake sayen rabon abokinsa kaɗan kaɗan har gida ya zama nasa, bankin Jaiz da ya fara aiki a 2012 a kan irin waɗannan ƙa'idodi aka kafa shi. Sa'an nan akwai hubusi, wanda muka taƙaita ga masallaci da rijiya. Attajirin da ya gina ɗakuna goma ya tsayar da su ga marayu, ko ga almajiran da ke kwana a zaurukanmu cikin hunturu, ya yi sadaka mai gudana.

Ga hukuma kuwa, dokar ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallaka na gargajiya a karkara. Ina roƙon shugabannin Ikara da Maƙarfi da Kudan, tare da hakimai da dagatai, su keɓe sababbin unguwanni, su fitar da hanya da makwarara da filin makaranta kafin a aza tubali ɗaya, su yanka fulotai manya da ƙanana, har da rabi da kwata domin mai ƙaramin ƙarfi, kuma a sa wa'adin gini ga duk wanda aka ba.