Dajin Ƙwaƙwalwa da Wuƙar Likita Ba Ta Kaiwa

Yaro ɗan shekara shida ya fara tuntuɓe a tsakar gida, ido ɗaya ya karkace, ruwa na sarƙe shi. Haka cutar da ake kira DIPG ke sallama. Daji ne da ke tsirowa a gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi da haɗiya, don haka ba ya yankuwa. Gashin haske kaɗai ke sassauta shi, kuma yawancin yaran ba sa cika shekara bayan an gano cutar.

A 2012 aka gano cewa mafi yawansu na da wani sauyi a ƙwayar halitta, H3K27M, wanda ke aukuwa cikin ƙarin dajin kansa, ba gadon iyaye ba ne. Daga nan hanya ta buɗe. A Jami'ar Stanford ana horar da ƙwayoyin garkuwar jikin yaro su farauci ƙarin, a 2025 kuma Amurka ta amince da maganin dordaviprone domin ƙari mai wannan sauyi. Wani zai ce masu cutar ba su da yawa, maganin ma kaɗan yake yi wa aiki. Haka ne. Amma sankarar jinin yara ma a da hukuncin mutuwa ce, yau kusan tara cikin goma na warkewa a ƙasashe masu hali. Kada a janye wa binciken nan kuɗi.