Kafin A Ce "An Sallama": Abin Da Ya Kamata Uwargida Ta Sani Game Da Sayar Da Gida

 A wannan watan za mu tattauna ne a kan al'amarin da da yawanmu muke ɗauka na maza ne zalla, wato sayar da gida. Sau da yawa mace ba ta jin labari sai an gama ciniki, an kawo mata 'yan kuɗi a leda an ce ga rabonta, ko kuma an ce ta kwashe kayanta kafin Juma'a. Alhali kuwa ita ce ta san gidan ciki da bai, ita ta san ɗakin da ke yoyo da kwatar da ke toshewa, kuma galibi tana da haƙƙi a cikinsa, ko na gado, ko na 'ya'yanta marayu, ko kuma da kuɗin sana'arta aka ɗora wani sashe na ginin.

A ƙasashenmu na Wurno da Rabah da Goronyo, a da ba kasafai ake jin an sayar da gida ba. Wurno gari ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa a matsayin ribaɗi, a can ya rasu a 1837 kuma a can kabarinsa yake, saboda haka zuri'a da yawa sun gaji gidajensu ne kaka da kakanni. Amma zamani ya juya. Ambaliyar watan Satumba na 2010 ta rushe gidaje masu yawa a ƙauyukan da ke bakin gulbin Rima. Daga baya kuma rashin tsaro ya shigo: harin Tabanni a ƙasar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah a watan Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, suna cikin abubuwan da suka sa iyalai barin ƙauyuka zuwa manyan garuruwa ko cikin Sakkwato. Wanda ya tashi a firgice kuwa shi aka fi yi wa tayin wulaƙanci. Don haka, 'yar uwa, idan sayarwa ta zama dole, to a yi ta da tsari. Gyara uku ake yi wa gida kafin a sallama shi: gyaran haƙƙi, gyaran gini, da gyaran ciniki.

Na farko: gyaran haƙƙi

Kafin a kira dillali, a fara amsa wannan tambayar: gidan na wane ne? Idan na gado ne, sai an biya bashin mamaci, an zartar da wasiyyarsa wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan magada su san rabonsu. Ga misali don ki gane. A ce bayan an fitar da bashi da la'adar dillali, abin da ya rage naira 2,400,000 ne, mamacin kuma ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, ba uwa ba uba. Matar tana da sumuni, wato naira 300,000. Sauran 2,100,000 a kasa su 7: kowace 'ya mace ta ɗauki 300,000, kowane namiji 600,000. Wannan rabo Allah ne Ya yanka, babu babban wa ko baffan da ke da ikon rage shi da sunan "ai ke kina gidan miji".

Hakazalika, ba a sayar da rabon baliga sai da yardarta, kuma shirun kunya a gaban manya ba shi ne yarda ba. Idan akwai marayu ƙanana, a je kotun Shari'ar Musulunci alƙali ya duba maslaharsu ya ba da izini a rubuce. Yin haka kariya ce ga uwa kanta, domin yaron da ke goye yau, gobe shi ne zai tambayi inda gidan ubansa ya shiga. Matar da ke takaba kuma tana da haƙƙin zama a gidan mijinta har ta cika wata 4 da kwana 10, saboda haka kada a sa ranar miƙa makulli kafin ta fita.

Akwai kuma haƙƙin shufa'a, wanda ɗalibai kan karanta a Risala ta Ibnu Abi Zaid. Idan gida na tarayya ne ba a raba ba, ɗaya daga cikin masu shi ya sayar da kasonsa ga bare, abokin tarayya yana da damar biyan wannan kuɗin ya karɓi kason. A mazhabar Malikiyya wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba ya ciki. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ke tafiya yana nan a kan haƙƙinsa ko da ya daɗe. Ke kin san yadda mazajenmu da 'yan uwanmu ke tafiya cin rani Legas da Fatakwal. To a kira su a waya a sanar da su a gaban shaidu, kada mutum ya dawo da damina ya warware cinikin da aka riga aka ci kuɗinsa. Maƙwabci kuwa, ko da shari'a ba ta tilasta ba, kyautatawa ce a fara yi masa tayi.

Sai takardu. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da aka ayyana na birni gwamna ke ba da takardar shaidar mallakarsu, na karkara kuma suna ƙarƙashin ƙaramar hukuma, kuma sauya hannu yana buƙatar amincewar hukumar da abin ya shafa. Gidajenmu da yawa ba su da komai sai shaidar dattawa. Idan naku haka yake, a nemi mai unguwa da hakimi da maƙwabtan kusurwa huɗu, a zagaya iyaka, a auna tsawo da faɗi, a rubuta. A tattara tsohuwar takardar ciniki ko ta rabon gado idan akwai, a yi musu hoto a ajiye a wuri biyu.

Na biyu: gyaran gini

Mai saye da ido yake fara ciniki. Tun daga ƙofar gida da zaure yake yanke hukunci, kafin ya ga ɗakuna. A kwashe juji, a share tsakar gida, a buɗe kwata ruwa ya samu hanya, a ɗauke turken dabbobi ko a tsabtace wurin. Tsofaffin kwanuka da karyayyun gadaje da buhunan da aka jibge a shigifa, a fitar da su, domin tarkace yana sa ɗaki mai faɗi ya zama kamar akurki. Banɗaki da madafa su ne wuraren da matar mai saye za ta fi bincikawa, kuma sau da yawa maganarta ce ke sa miji ya saya ko ya fasa.

Idan ginin ƙasa ne, a duba indararo, a sabunta yaɓe inda ruwa ya zaizaye, a ɗaga kai a duba azara ko gara ta shiga. Idan rufin kwano ne, a ɗaure inda iska ta ɗaga, a toshe hujin ƙusa. A gyara ƙyaure da makulli, a sa wa rijiya murfi. Waɗannan ƙananan gyare-gyare ba su cin kuɗi da yawa, amma suna hana mai saye samun abin da zai rage farashi da shi. Kada kuma a ci bashi a yi babban aiki kamar sa tayil ko sake rufi gaba ɗaya, domin da wuya a fanshe kuɗin a wurin sayarwa.

A nan ne fa ake bukatar tsoron Allah. Gyara daban, rufa-rufa daban. Cike tsagewar bango a gyara ta tun daga tushe aiki ne mai kyau, amma shafa fenti a kanta don kada a gani algus ne. Kin san hadisin da ke cikin Sahihu Muslim, inda Manzon Allah (SAW) ya sa hannunsa cikin tsibin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Idan hatsi ke nan, ina ga gidan da mutum zai kwana a ciki da 'ya'yansa? Idan ruwa ya taɓa shiga gidan a 2010 ko a wata damina, a faɗa. Idan rijiyar tana ƙafewa da bazara, ko akwai jayayya da maƙwabci a kan katanga, a faɗa. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayanin cewa aibin da aka ɓoye yana iya sa a rage wa mai saye kuɗi, idan kuma babba ne ya mayar da gidan ya karɓi abinsa. Amma wanda aka nuna wa aibi ya gani ya yarda, ba shi da ta cewa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Na uku: gyaran ciniki

Lokaci yana da tasiri. A yankinmu kuɗi yana shiga hannun mutane ne da kaka, da kuma bayan an kwashe albasa da tafarnuwa da shinkafar noman rani. Wanda ya sa gida a kasuwa a tsakiyar damina, lokacin da kowa ke neman kuɗin taki da na abinci, zai sha jin tayin da zai ce "albarka". Idan akwai halin jira, a jira.

Kafin a yanka farashi, a bincika nawa aka sayar da gidaje irinsa a unguwar a kwanan nan, a ji ta bakin mutum biyu ko uku waɗanda ba su da riba a cinikin. Kusanci da kasuwa da masallaci da makaranta, da kasancewa a kan tudu, da samun ruwa, duk suna ƙara daraja. A zaɓi dillalin da aka san shi da amana, a yi yarjejeniyar la'adarsa tun farko, a kuma sharɗanta cewa mai gida da mai saye za su haɗu su ji farashi da kunnensu. Yawancin cutar da ake yi wa zawarawa da marayu tana faruwa ne a inda dillali ya faɗa wa wannan kuɗi ɗaya, ya faɗa wa wancan wani. Kada kuma a sa wani ɗan uwa ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. Wannan shi ne najashu, kuma an hana shi.

Yanzu har a WhatsApp da Facebook ake tallar gidaje. Idan za a yi, a ɗauki hoton da rana bayan an share, kuma kada mace ko yaro ko kayan ɗaki su fito a ciki. A sa lambar namiji muharrami. A tsayar da rana da lokacin zuwa duba gida, a yi sallama, mata su kimtsa, mai zuwa kuma ya zo tare da wanda aka sani. A halin da muke ciki, ba kowane mai cewa zai sayi gida ne mai saye ba. Wani ƙofofi ya zo ƙirgawa.

Idan an daidaita, a rubuta. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Takardar ta ƙunshi sunayen masu sayarwa duka har da mata, da iyakokin gida, da farashi, da aibin da aka bayyana, da ranar fita, da abin da ya shiga ciniki da wanda bai shiga ba, kamar rumbu ko tankin ruwa ko farantin sola. Idan biya biyu za a yi, a rubuta ranakun. Kafin alƙalami kuma ya zama cikin kuɗin gida ne. Idan ciniki ya fasu a mayar wa mai shi, domin a Malikiyya ba a yarda a cinye shi ba. Kada ki dangwala yatsa a takardar da ba a karanta miki ba, kuma ki karɓi kwafinki.

Batun karɓar kuɗi, ta banki ya fi. A tabbatar kuɗin sun shiga asusu da gaske, kada a dogara da saƙon waya kawai, domin akwai na bogi. Ki buɗe asusu da sunanki rabonki ya shiga kai tsaye. Sannan a kama baki. Labarin cewa gidan wane sun karɓi miliyoyi yana iya fita daga hirar biki ya isa kunnen da bai kamata ba.

Kafin ki ce kin yarda

Tambaya ta ƙarshe ita ce: idan an sayar, ina za a zauna? Kuɗin gida ba su da wuyar narkewa, musamman da tsadar rayuwa da yawan masu zuwa rance. Ya fi kyau a samu inda za a koma, ko filin da za a saya, tun kafin a sallama, domin kuɗin su fita daga ƙasa su koma ƙasa. Idan kuma tashin na ɗan lokaci ne, a duba ko ba da haya ko sa amintacce ya zauna ya fi sayarwa. A yi shawara, a yi istihara.

Hadisin Hakimu bin Hizam da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna mana cewa mai saye da mai sayarwa, idan suka yi gaskiya suka bayyana, ana sa albarka a cinikinsu, idan kuma suka ɓoye suka yi ƙarya, ana shafe ta. Albarkar nan ita za ta sa kuɗi kaɗan su samar da matsuguni, 'yan uwa kuma su ci gaba da gaisawa bayan an raba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu cikin aminci, Ya sa albarka a abin da muka saya da wanda muka sayar. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya yarda. Wassalamu alaikum.