Zubar Da Ciki A Najeriya: Abin Da Doka Ta Hana, Da Ƙofar Da Ta Bari A Buɗe

Ma'aikacin tarayya da aka yi wa canjin wurin aiki daga Abuja zuwa Enugu ko Ibadan ya shiga ƙarƙashin wata dokar laifuka dabam, ko da bai sani ba. A yawancin al'amura wannan bambanci ba ya taɓa rayuwarsa. Amma ranar da likita ya ce cikin da matarsa ke ɗauke da shi na neman hallaka ta, a nan ne sanin dokar ke zama batun rai.

Tun zamanin mulkin mallaka Najeriya take da manyan kundayen dokokin laifuka guda biyu. Jihohin Kudu sun gaji Kiriminal Kod na 1916, Arewa kuma ta karɓi Final Kod da ya fara aiki a 1960, kuma shi ne ake amfani da shi a Babban Birnin Tarayya. Dukkansu sun haramta zubar da ciki, sai dai salon haramcin ya bambanta.

A Kudu an rarraba laifin. Sashe na 228 ya tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya zubar wa mace ciki, na 229 ya tanadi shekara 7 ga matar da ta zubar da kanta, na 230 kuma shekara 3 ga wanda ya samar da magani ko kayan aiki. Kariyar likita tana can nesa a sashe na 297, wanda ya wanke shi idan ya yi tiyata da kyakkyawar niyya domin ceton ran uwa. A Arewa kuwa sashe na 232 na Final Kod ya haɗa haramci da togaciya a jimla guda: ɗauri har shekara 14, ko tara, ko duka biyun, sai fa idan an yi ne da kyakkyawar niyya domin ceton ran matar.

Tsakanin kundayen biyu akwai wata tazara da ba a rubuta a cikinsu ba. Masana shari'a sun daɗe suna nuni da cewa kotunan Kudu na iya jingina da hukuncin da aka yanke a Ingila a 1938 kan likita Aleck Bourne, wanda ya ɗauki lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa a matsayin wani ɓangare na ceton rai. Lafazin Final Kod bai bar wannan sarari ba. Rai kawai ya ambata. Fyaɗe kuwa, shi kaɗai, babu kundin da ya amince da shi a matsayin dalili.

Jihohi 12 na Arewa da suka kafa dokokin Shari'a, ciki har da Zamfara, sun ƙara wani mataki ga Musulmi. Mazhabar Malikiyya da ake bi a nan tana cikin masu tsanantawa, domin mashhurin ra'ayinta ya hana fitar da ciki tun kafin kwana 40, yayin da wasu malaman Hanafiyya suka yi sassauci kafin kwana 120 idan akwai uzuri. Duk da haka, idan ya tabbata cewa uwa za ta mutu, fatawar malaman zamani ita ce a ceci uwar, domin ita ce tushe. A wannan gaɓa ɗaya, fiƙihu da dokokin ƙasa sun yi tarayya.

Matsalar ita ce mutane da yawa, har da wasu ma'aikatan lafiya, sun ɗauka ƙofar a rufe take ruf. Likitan da ke tsoron ɗaurin shekara 14 yakan yi jinkiri, ko ya tura mara lafiya wani asibitin, alhali tana zubar da jini. Domin toshe wannan giɓi ne Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idoji a 2018 kan kawo ƙarshen ciki a yanayin da doka ta halatta. Ƙa'idojin ba su sauya doka ba, fayyace ta kawai suka yi. Haka kuma sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Matar da ta zo da zubar jini bayan ɓari, ko mene ne musabbabinsa, tana da haƙƙin a kula da ita.

Alƙaluma sun nuna cewa haramcin bai hana aukuwar lamarin ba. Cibiyar Guttmacher ta ƙiyasta cewa an zubar da ciki kusan miliyan 1.25 a Najeriya a 2012, akasari a ɓoye. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta mata kimanin 82,000 ne suka mutu a ƙasar a 2020 sanadiyyar ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya baki ɗaya. Ba duka ne ke da alaƙa da zubar da ciki ba, amma hannun 'yan ku-ci-ku-ba-mu da magungunan kemis na da nasu kaso.

Ga mataimakan 'yan majalisa akwai wani kulli da ya kamata su sani. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Maputo a 2004, wadda sashenta na 14 ya buƙaci a halatta zubar da ciki a asibiti idan ya samo asali daga fyaɗe ko saduwa tsakanin muharramai, ko yana barazana ga lafiya ko ran uwa. Sai dai sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce yarjejeniya ba ta zama doka sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta mayar da ita, kuma majalisar ba ta yi haka ba. Ko a matakin jiha ma, batun na da zafi. A watan Yunin 2022 Jihar Legas ta ƙaddamar da nata ƙa'idojin ga likitoci, amma bayan suka daga shugabannin addini, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da su a watan Yuli.