Karatun Injiniyan Injina Ba Gyaran Mota Ba Ne

Ɗalibai da yawa na zaɓar wannan fanni don suna son kwance babur ko janareta. Sha'awar tana da amfani, amma lissafi ne zai fara tarbarka: yadda zafi ke juya inji, yadda ruwa ke gudana a bututu, nauyin da ƙarfe zai ɗauka kafin ya karye. Mai gudun lissafi ya sake shawara tun yanzu.

A jarrabawar JAMB ana rubuta Turanci, lissafi, fizik da kemistiri. Karatun shekara 5 ne a jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, har da watannin horo a masana'anta. Bayan kammalawa da samun gogewar aiki, sai hukumar COREN ta yi maka rajistar zama cikakken injiniya.