Fartanyar da Ta Dace da Hannun Mace: Daga Yashin Babura Zuwa Tsakuwar Roni

A gidajen manoma da yawa na ƙasarmu ba a saya wa mace fartanya. Maigida ne ke shiga kasuwa gab da faɗuwar damina, ya zaɓo sabuwa daidai ƙarfin damtsensa. Tsohuwar da bakinta ya cinye, ƙotarta ta fara girgiɗi, ita ake bar wa mata. Da ita uwargida za ta nome gayaunarta ta kuɓewa da yakuwa, da ita 'yan mata za su taya maimai, da ita matar da mijinta ya rasu za ta riƙe gonar marayu. In ta dawo da yamma tana dafe da ƙugu, sai a ce ai dama noma ba aikin mace ba ne. Ni kuwa ina ganin kafin a ɗora laifin a kan jikin mace, ya kamata a duba abin da aka damƙa mata a hannu.

Matan da ke wannan aiki ba kaɗan ba ne. Wani bincike da masanan Bankin Duniya suka wallafa a 2017 ya nuna cewa a arewacin Najeriya mata ne ke yin kashi 32 cikin 100 na aikin gona, a kudu kuwa kashi 51, a Jamhuriyar Nijar kashi 24. Gaskiya ne matan aure da yawa a cikin gari suna kulle, amma duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura a watan Yuli ya ga dattawan mata da matan Fulani da 'yan mata a duƙe cikin gero da gyaɗa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na aikin da ke ciyar da mu ke nan.

Abin da ya sa maganar ta fi damuna a nan Jigawa shi ne ƙasarmu ba iri ɗaya ba ce. Ka nufi Babura, wajen iyaka da Nijar, yashi ne mai laushi, ƙafa na nutsewa. Ka juyo Roni da wasu sassan Gwiwa, tuddai ne da duwatsu, gona cike da tsakuwa da marmara. Ka gangara fadamun Kogin Gari da bakin madatsar ruwa ta Kazaure, inda ake shinkafa da tumatir da albasa, laka ce mai danƙo. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai tafiyar wuni ba, amma fartanyar da ke gudu a ɗaya tana iya zama azaba a ɗayar.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Don haka a daminar da ta wuce na tara fartanyoyi iri-iri na riƙa kai wa 'yan uwana mata da ke noma a waɗannan wurare, ina roƙonsu su yi aiki da kowace su gaya mini gaskiya. Akwai mai faɗin baki marar nauyi, wadda aka yanko daga ƙarfen ganga. Akwai siririya mai kauri da aka ƙera da sifirin mota. Akwai matsakaiciya irin wadda aka fi gani a kasuwa. Akwai kuma doguwar nan ta noman tsaye, mai baki kamar jinjirin wata, wadda wani ɗan uwa mai fatauci zuwa Damagaram ya kawo mini.

A gonar yashi ta gwaggona, can wajen Babura, mai faɗin bakin ce ta fara burge kowa. Ciyawar jigawa, irin su ƙarangiya da harƙiya da burburwa, in an kama ta tana ƙarama saiwarta ba ta yi nisa ba. Ba sara take so ba, shara take so. Bakin fartanya ya shige ƙarƙashin ƙasa kamar faɗin yatsa biyu, ya yanke saiwa, rana ta ƙarasa sauran aikin. Mai faɗi tana kwashe wuri da yawa a ja ɗaya, kuma rashin nauyinta ya sa hannu ba ya saurin mutuwa. Siririyar mai nauyi kuwa nutsewa take yi fiye da yadda ake buƙata, ta tono damshin da gero ke jira, wani lokaci ta taɓa saiwar shuka.

Da na miƙa wa Gwaggo doguwar ta tsaye, sai ta juya ta tana dubawa, ta ce, "'Yar nan, wannan ai sai mutanen gabas. In na shiga gona da ita a tsaye, mutanen gari za su ce tsufa ya sa na zama raguwa."

Na ce, "Gwaggo, ki taɓa dai, ko layi ɗaya ne."

Ita ba ja ake yi ba, turawa ake yi gaba. Mutum na tsaye cak, ya riƙe ƙarshen doguwar ƙotar, bakin yana tafiya a kwance ƙarƙashin yashi, ciyawa na kifewa a bayansa. Da farko bakin ya riƙa kufce mata yana fitowa sama, har ta gano inda za ta sassauta hannu. Daga nan sai ga ta tana tafe tana hira, abin da ba ya yiwuwa ga wanda ke duƙe. Da ta kai gefen gona ba ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali yadda ta saba ba, juyowa kawai ta yi ta kama wani layin. Jikarta mai goyo ta karɓa ta gwada, ta ce ita abin da ya fi mata daɗi shi ne yaron bai zamo mata wuya ba, bai kuma farka ba.

Wannan fartanya tsohuwa ce a ƙasashen yashi, daga Senegal har Chadi. A arewa maso gabashin Jigawa da ƙasar Manga ana ce mata ashasha. Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya shafe shekaru yana nazarin noman ƙauyen Dagaceri a can, ya kuma rubuta yadda take rage wa manoma wahalar cire ciyawa. Sai dai tana da sharaɗi: tana son gona shimfiɗaɗɗiya wadda ba a yi wa huɗa ba, da ciyawa ƙarama. In an makara har ciyawa ta yi kauri, ko gonar kunya-kunya ce, ba ta da ta cewa.

A Roni kuwa labari ya sha bamban. Yayata da ke aure a can tana noma wake da dawa a gindin wani tudu, inda kowane sara sai ka ji ƙarar ƙarfe a kan dutse. Mai faɗin bakin nan da ta yi fice a yashi, tun hantsi bai yi ba bakinta ya lanƙwashe ya yi gibi-gibi. Doguwar ta tsaye tsalle kawai take yi a kan tsakuwa, girgizarta na hawa har kafaɗa. Wadda ta ci gari ita ce siririyar ta sifirin mota. Bakinta bai kai faɗin tafin hannu ba, don haka ƙarfin saran yana taruwa a wuri ɗaya, ta ratsa tsakanin duwatsu ta tumɓuke ciyawa. Kukan Yaya ɗaya ne: ta yi nauyi, kafin azahar wuyan hannu ya ɗauki zafi.

Wannan kuka ne ya kai mu maƙera. Muka tarar da maƙerin, dattijo ne, yaronsa na kan zuga-zugi, gawayin ƙirya ya yi jajir. Yaya ta gaishe shi ta ce, "Baba, so nake a rage mata nauyi, amma kada bakin ya yi laushi."

Ya auna fartanyar a tafinsa, ya ce ta miƙo hannunta ya gani. Sannan ya ce, "Ai da kuna zuwa da kanku da an daɗe ana yi muku. Mazanku ke zuwa, su kuma mai nauyi suke tambaya."

Ya cire ruwan fartanyar daga ƙota ya tura cikin wuta. Da ya yi ja sai ya ɗauko da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, ya rage kafaɗun biyu, ya daddake tsakiya ta sirance, ya bar kauri a baki da wajen da ke shiga ƙota, domin nan ne ke shan wuya. Da ya gama ya tsoma bakin kaɗai a ruwa na ɗan lokaci. Ya ce in aka bar shi ya sha ruwa da yawa zai yi tauri fiye da kima, ranar da ya gamu da dutse sai ya ɓalle. Aikin bai ɗauki lokacin da za a dafa shinkafa ba, amma fartanyar ta koma wata daban a hannunta.

A fadama, inda ƙanwar mahaifiyata ke da ɗan fegin albasa da alayyafo, babbar matsala ba ƙarfe ba ce, lokaci ne. Laka in tana jiƙe sharkaf liƙewa take yi a bakin fartanya, kowane ɗagawa ka ɗaga da guntun gona. In ta bushe ƙayau ta tsattsage, ko ƙato sai ya yi gumi. Ana shigarta ne in ta sha iska, ka dunƙula ta a hannu ta marmashe. A nan matsakaiciya mai santsin baki, wadda aka wasa da kyau, ita ta fi. Ciyawar fadama, irin su aya-aya da kiri-kiri, tana yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa, in aka yanke kanta kawai cikin 'yan kwanaki ta dawo, saboda haka dole a shiga ƙasa a tono. Tsakanin layukan albasa kuwa Inna ba ta yarda da kowace a cikin nawa ba. Ta fito da wata 'yar mitsitsiya mai baki kamar yatsa uku, wadda take aiki da ita a zaune a kan kujera 'yar tsugunne. Ta ce ita bayanta ya fi samun sauƙi a zaune da a duƙe.

A duk inda na je, ƙorafin da ya fi yawa a kan ƙota yake. Masassaƙa suna yin ta daidai hannun namiji, mace ta kama yatsunta ba su haɗu ba, sai ta riƙa matsewa da ƙarfi don kada ta suɓuce. Daga nan bororo da kanta da ciwon wuyan hannu ke farawa. Ƙotar marke tana da ƙarko amma tana da nauyi, ta aduwa ma tana jure aiki. Kowace aka samu, a sa masassaƙi ya rage kaurin wajen riƙo da gizago har babban yatsa ya taɓa na tsakiya, a kankare da fasasshiyar kwalba, a shafa man gyaɗa. A kuma duba yadda ruwan ya zauna: in ya karkato sosai wajen ƙota, na shara ne a yashi, in ya buɗe, na sara ne a ƙasa mai tauri.

Ba mu kaɗai ke da wannan matsala ba. A 1998 Asusun Bunƙasa Noma na Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun fitar da rahoto kan kayan noman mata a Burkina Faso da Senegal da Yuganda da Zambiya da Zimbabuwe. Abin da suka ji shi ne abin da na ji a bakin Gwaggo da maƙerin Roni: maza ke sayen kayan, masu ƙira ba sa tambayar mata, kuma a wurare da dama ana ɗaukar mai noma a tsaye rago ne. A jihar Kalifoniya ta Amurka, sai da ma'aikatan gona suka kai ƙara kotu kafin a haramta tilasta musu aiki da fartanya mai gajeriyar ƙota a 1975, bayan likitoci sun ba da shaida kan yadda take lalata ƙashin baya. Mu da muke yi wa noma kirari da na duƙe, ya kamata mu san cewa duƙawar wuni guda tana da kuɗin da jiki ke biya, musamman jikin mai juna biyu ko mai goyo.

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu, irin su Faransa da Siwizalan, akwai wasan zamiya da ake ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa a gangaro daga kan dutse. Masu ƙera allunan sun san ƙanƙara ba iri ɗaya ba ce. Wadda ta daskare ta yi tauri tana son siririn allo, wanda tsakiyarsa ba ta wuce milimita 85 ba, don gefensa ya kama. Sabuwar dusa mai laushi tana son mai faɗin milimita 100 ko fiye, don kada mutum ya nutse. Kowace shekara mujallun wasan kan tara gwanayen mata su gwada sababbin alluna, su faɗi wanda ya dace da nauyinsu da tsayinsu a kowace irin ƙanƙara. Ƙa'idar ɗaya ce da tamu: mai faɗi a wuri mai laushi, siriri a wuri mai tauri, kuma mai amfani da abu shi ke yanke hukunci. Su don nishaɗi suke wannan ɗawainiya. Mu tuwon gida ne ya rataya a kai.

Saboda haka ga abin da nake roƙo. Mace mai gonar yashi ta nemi mai faɗi marar nauyi, ta kuma daure ta gwada ta tsaye, ko da za a yi mata dariya a makon farko. Mai gonar tsakuwa ta nemi siririya ta ƙarfen sifirin mota, a rage mata kafaɗu. Mai fadama ta riƙe biyu, matsakaiciya da 'yar ƙarama, ta kuma jira ƙasa ta sha iska. Maigidan da matarsa ba ta fita kasuwa ya auno tsayinta da girman riƙonta da igiya, ya kai wa maƙeri da masassaƙi, ya kuma faɗa musu irin ƙasar gonar.

Malaman gona na hukumar JARDA mai kula da noma a Jigawa da ɗaliban injiniya na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure su ma suna da rawar takawa, kuma ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. A ware rana ɗaya kafin ruwan shuka, a tara maƙeran yanki da ƙungiyoyin mata a gona ta gaske, ɗaya a yashi, ɗaya a tsakuwa, ɗaya a fadama. A baje fartanyoyi, mata su gwada su yi magana, maƙera su saurara, ɗalibai su auna nauyi da tsayi su rubuta. Tarakta ba za ta iso gayaunar kowace mace a bana ko baɗi ba, amma maƙeri yana nan a kusan kowane gari, kuma a shirye yake ya ƙera abin da aka tambaye shi.