Yaushe ya kamata a ɗora yaro kan fo?

Duk wanda ke cin kasuwar Jibiya, Dan Isa ko Maigatari ya saba ganin mai tuwo ko mai fura da goyo a baya, ga wani ɗan yaye yana rarrafe a gindin rumfa. Tambayar da iyaye mata suka fi aiko mana a gidan rediyo ita ce: wata nawa yaro zai yi kafin a raba shi da kunzugu? Maza ma suna yi, amma su kuɗin famfas ne ke cizon su.

Iyayenmu ba su jira komai ba. Tun jariri na 'yan watanni uwa ke miƙe ƙafafu ta ɗora shi a kai da sassafe. Wannan dabara tana aiki, sai dai uwar ce ta gane lokacin ɗanta, shi bai iya riƙewa ba tukuna. Riƙon fitsari da kashi yakan zo ne tsakanin wata 18 da shekara 3, kuma kowane yaro da nasa lokaci. Don haka ɗan maƙwabciya ba ma'auni ba ne.

Abin dubawa shi ne jikin yaron. Yana kai awa 2 wandonsa a bushe? Yana tafiya, ya tsuguna, ya tashi da kansa? In ya ɓata jiki yana nuna ya damu, ko kuwa yakan laɓe bayan buhu in abin ya matso shi? Yana gane ɗan aike kamar ɗauko buta? Idan an ga waɗannan, to a sayo fo, a zaunar da shi da safe da kuma bayan cin abinci, minti kaɗan. In bai yi ba a ƙyale shi.

Kuskuren da muka fi gani shi ne haɗa yaye da fo a mako ɗaya. An raba yaro da nono, an kai shi gidan kaka, sannan a ce ya koyi sabon abu. Haka in an yi masa ƙane, ko yana zawo, ko ana kan hanyar fatauci, gara a dakata. Duka kuwa ɓarna yake yi: yaron da ake tsawata wa yakan riƙe kashi don tsoro, kashin ya bushe, fitarsa ta yi zafi, sai ya ƙara gudun fo. Fitsarin kwance kuma ba laifi ba ne ga yaron da bai kai shekara 5 ba.

Akwai maganar da muke ji cewa kashin yaro ba ƙazanta ba ne. Ba haka ba ne. Ta cikinsa zawo, kwalara da shan inna ke yaɗuwa, ƙuda ya tashi daga kai ya sauka kan ƙwaryar nono. Ba mu manta da kwalarar 2018 ba, wadda ta fara a Madarunfa ta bazu a jihar Maraɗi. Saboda haka mai zuwa kasuwa da yaro ta taho da fo mai murfi, ta juye shi a masai, ba cikin kwata ko bayan rumfa ba, ta yi masa tsarki nesa da tukunya, sannan ta wanke hannunta da nasa da sabulu kafin ta koma kan ciniki.